Zeinabou Ta Yi Ƙiba

A shekarun da kuɗin mai suka ɓarke a Gabon, rama abin kunya ce a Libreville. Ba zolaya nake ba. Kajin Faransa masu ƙanƙara sun cika kasuwa, madarar gwangwani har yara na wasa da ita, ɗan dakon kasuwar Mont-Bouët ma sai ka gan shi ya ajiye tumbi yana shafawa kamar wani ɗan kwangila. Idan mace ta fito ba ta cika zanenta ba, ba da ita ake yi ba, da mijinta ake yi.

To a irin wannan gari Allah Ya ajiye Zeinabou, maƙwabciyata a gidan hayarmu na unguwar Nombakélé, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Siririya ce. Haka aka halicce ta, kuma ta ce haka uwarta take a can Tasawa ta ƙasar Nijar. Lafiyarta lau. Bokiti biyu take ɗaukowa daga famfon bakin titi ta hau tudun gidanmu tana waƙa, ni Rabi'atu mai waina ina biye da guda ɗaya ina haki, ina mita a kan wanda ya rasa inda zai gina gida sai kan tudu.

Mijinta Hamidou shi ne mai kantin maganin nan na kwanar masallaci, wanda kowa ke ce wa Dokta. Ni dai da idona na gan shi yana sayar da batir da ashana a kan tebur kafin kuɗi su zo. Abin da ya mai da shi Dokta farar riga ce ta gwanjo, da wata takarda mai hatimi da ya saka a gilashi ya rataye a bango. Takardar ma ba tasa ba ce. Ta wani ɗan ƙasa ce da ake ce wa Mesiye, wanda ya je Faransa ya karanto haɗa magani, ya dawo ya ga tsayuwa a kanti wahala ce, sai ya ba da takardar haya yadda ake ba da ɗaki. Ƙarshen wata yake zuwa karɓar kuɗinsa a Fijo, ko kashe motar ba ya yi.

Hamidou yana da wata dabara da yake ji da ita. Duk maganin da ya iso, kafin ya shiga kanti sai ya yage kwalin da 'yar takardar da ke ciki ya cinna musu wuta, ya juye ƙwayoyin a kwalaben alewa. Wai don kada Idrisa, mai kantin magani a layin baya, ya karance sunan ya sayo irinsa. Sai shi ya raɗa musu suna da kansa. Akwai Kashe-Zazzaɓi, akwai Ta-da-Tsoho, akwai wata 'yar fara ƙarama da ya sa wa Cika-Zane. In ka zo ya zuba maka a tafin hannu, ya ƙulle a guntun jarida, ya ce, "Safe, rana, dare." Ciwon kai safe rana dare, basur safe rana dare. Ban taɓa jin ya sauya wa wani ba.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci fuska a murtuke, ina tsakar gida ina wanke tanda. Ashe wani ne cikin 'yan kasuwa ya ce masa da raha, "Dokta, kana raba lafiya a gari, uwargida kuwa iska na neman ɗauke ta."

"Zeinabou!"

"Na'am, Malam."

"Dokta."

"Na'am, Dokta."

"Buɗe hannunki."

Ya zuba mata 'yan fararen nan. "Daga yau safe, rana, dare."

Ta ce, "Ai ni ba abin da ke damuna."

"Ni akwai abin da ke damuna. Kin mai da ni abin dariya a Mont-Bouët. Ana cewa ba na ba ki abinci. Ni! Ni da ba a kwana ba a soya kaza a ɗakina ba!"

Ta kalle ni, na kalle ta. Ta watsa a baki ta kora da ruwa.

Maganar gaskiya, magani ya ci. Kafin damina ta yi nisa fuskar Zeinabou ta zagaye kamar faifai, wuya ya cika, ciki ya fito, wani tozo ya taso mata a bayan wuya. Yunwa kuwa ba a magana. Sai ta share kwanon waina ta ɗora da burodi da kifin sardin, tana ci tana cewa, "Yaya Rabi, wallahi ba ni ke so ba, wani abu ne a cikina ba ya ƙoshi."

Hamidou kamar ya taka rawa. Ya je wurin mijina Sabitu mai yadi ya yanko mata leshi, ya sayo awarwaro, ya sayo kujera mai hannu ya kafa a bakin kanti. Yana da wani hotonta na lokacin da ta zo garin, duk ƙashin wuya a waje. Ya buga ƙusa ya rataye shi daidai saman kujerar, ya zaunar da ita a ƙarƙashi.

"Ku dubi sama, ku dubi ƙasa," haka yake cewa. "Mace ɗaya ce. Ban yi muku talla da matar wani ba, da tawa na gwada."

Kai, mata suka yi caa! Hausawa, Yarabawa, 'yan Kamaru, har matan ofis masu takalmi mai tsini. Ramatou matar mai nama ita ce kan gaba, kullum da guntun jaridarta a ƙulle a haɓar zane. Zeinabou na zaune daga hantsi har la'asar, leshi na cizonta, gumi na zuba, mata na ja mata kumatu suna latsa mata damtse kamar masu taya ragon layya. In ta sunkuyar da kai, sai ya ce daga ciki, "Murmushi, Zeinabou. Mai lafiya ba ya ɗaure fuska."

Abin da mata ba su gani ba, ni na gani, don ni nake zaune da ita a gida.

Da ƙishirwa aka fara. Sai ta sha ruwa har cikinta ya yi ƙara, ta tashi ta zaga, ta dawo ta ƙara sha. Dokta ya ce babbar mota dole ta fi ƙarama shan mai. Sai ciki ya kama yi mata zafi kamar an zuba barkono. Ya kawo wani farin ruwa mai kauri, safe rana dare. Sai baya. Yarinyar da ke hawa tudu da bokiti biyu ta koma sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga tabarma, cinyoyinta na rawa. Ya ce nauyi ne bai saba mata ba tukuna, ya ƙara mata da Ta-da-Tsoho. Wata rana tana canza zane na ga wasu layuka jajaye sun tsattsaga mata ciki da kwiɓi. Ta ce ta nuna masa.

"Me ya ce?"

"Ya ce zanen arziki ne. Wai matan manya duk suna da shi."

Na ce, "A ina ya ga cikin matan manya?"

Ta yi dariya har ta riƙe baya. Wannan ce dariyar ƙarshe da na ji ta yi da ƙarfi.

Sannan murfin gwangwanin sardin ya yanke ta a ƙafa. Ɗan yanka ne wanda yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Ya ƙi warkewa. Ya buɗe baki, ya fara ruwa, ya fara wari. Hamidou ya riƙa fasa ƙwaya mai ja da rawaya yana barbaɗa garin a kai, ya sayo mata safa fara doguwa don kada masu ciniki su gani. Ranar da nake wanke mata ciwon da ruwan gishiri na riƙe ƙaurinta, sai na ji yatsana ya shige. Na ɗaga, ramin ya tsaya, kamar na danna tuwon da bai huce ba. Muka zuba masa ido ni da ita, bai ciko ba.

Na ce, "Zeinabou, wannan ba ƙiba ba ce. Kumburi ne."

Ta ce a hankali, "Na sani, Yaya. Jikina ne ai."

Da yamma na tare shi a ƙofar gida.

"Malam Hamidou."

"Dokta."

"A kai yarinyar nan asibiti."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Lopital? Matar Dokta a layin lopital? Ke Rabi, tsakaninki da Allah, in aka gan ki kina sayen waina a wurin wata, wa zai ƙara sayen taki?"

"Ni wainata ba ta kumbura kowa ba."

"Hassada ce. Kin ga ta fi ki cika. Duk maganin da ke lopital akwai shi a kantina, har wanda ba su da shi."

Na kai ƙara wurin Sabitu. Ya ce in fita daga harkar ɗakin mutane, mutumin nan abokin cinikinsa ne, kuma mu baƙi ne a ƙasar nan, baƙo ba ya son hayaniya. Na ce masa to ai ita ma baƙuwa ce. Ya ce in miƙo masa buta.

Ƙarshen wata na tsaya a kwanar masallaci har Fijon Mesiye mai takarda ta iso. Na ƙwanƙwasa gilashi. Ya sauke shi ɗan kaɗan, sanyi ya fito ya bugi fuskata. Da guntun Faransancina na kasuwa na gaya masa cewa matar da ke zaune ƙarƙashin takardarsa tana ruɓewa. Ya leƙa ya dube ta. Ba na mantawa, sai da fuskarsa ta canza. Ya gane. Mutumin nan ya yi karatu, kallo ɗaya ya yi mata ya san abin da take sha.

Ya ce, "Madam, ni takarda na ba da haya. Abin da ke cikin kwalba ba ni na zuba ba."

Gilashi ya koma sama.

A wannan shekarar ne ake ta rushe-rushe da gine-gine saboda taron shugabannin Afirka, komai sai an gyara shi don kada baƙi su gani su raina. Aka ce kantunan magani ma za a bi su ɗaya bayan ɗaya, a kawo ƙarshen aikin ganin dama. Wallahi na yi murna. Na ce Allah Ya kawo masu buɗe kwalba.

Hamidou ya shiga gyara ba kama hannun yaro. Ya shafe kantin da farin fenti. Ya sa kuros kore, fitilar alamar kantin magani, mai kunnawa yana mutuwa. Ya sa kilimatiza mai sanyaya ɗaki, ya sa firji ya cika shi da lemo. Ya ba da farar rigarsa aka yi mata guga da sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Masu dubawa suka zo su biyu da lakataye. Suka auna faɗin ƙofa. Suka ɗaga kai suka karanta takardar bango. Suka tambayi mai ita, aka ce yanzun nan ya fita. Suka sha lemo, suka yaba sanyin ɗakin. Da za su fita ɗayan ya tsaya a kan Zeinabou, ya dubi hoto, ya dube ta, ya yi dariya ya ce, "Madam, Gabon ta karɓe ki!" Suka manna wa kantin wata alama a ƙofa, wai ya cika ƙa'ida. Ko murfin kwalba ɗaya ba su taɓa ba.

Ranar da Hamidou ya tafi tashar jiragen ruwa ta Owendo fito da kaya, na ajiye tanda na kirawo Ɗanlaraba mai taksi, mutumin Zinder, wanda ba ya tambayar abin da ba a gaya masa ba. Muka kama Zeinabou muka sa a mota tana cewa, "Yaya, ban tambaya ba." Na ce in an tashi tambaya a tambaye ni.

Likitar da muka samu mace ce, 'yar ƙasa, ba ta da fara'a amma tana da ido. Ta cire safar, ta ga ciwon, ta danna ƙafa, ta ɗaga riga ta ga zanen arziki. Sannan ta ce me take sha. Zeinabou ta kwance guntun jarida.

"Sunansa?"

"Cika-Zane."

Ɗanlaraba ya fassara mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta san dangin maganin, na masu asma ne da masu ciwon gaɓoɓi, ana ba da shi da awo na ɗan lokaci. Amma irinsa da yawa ne, wani ya ninka wani ƙarfi, kuma duk farare ne ƙanana. A kawo mata kwalin ta ga wanne ne. Ta ce a kwantar da ita yau ɗin nan.

Zeinabou ta fara kuka. "In ya dawo bai same ni ba, na shiga uku. Ku bari in je in roƙe shi, gobe in dawo."

Likitar ta yi, na yi, ta ƙi. Da muka tashi likitar ta riƙe hannuna, ta sa Ɗanlaraba ya maimaita mini har sau biyu: "Kada a yanke mata maganin nan rana ɗaya. Jikinta ya saba da shi, ya daina yin nasa aikin. A hankali ake janye shi, a gabanmu. In aka yanke farat ɗaya, zai iya kashe ta."

Kafin mu kai gida labari ya riga mu. A Nombakélé ba a ɓoye mace mai leshi a layin asibiti. Muka tarar da Hamidou a tsakar gida yana kai da komowa, farar riga a hannu.

"Kun kashe ni! Kun kashe mini kanti! Wata da ta saya jiya ta zo tana tambaya ko gaskiya ne!"

Na bar shi ya gama, sannan na ce likita na son kwalin.

Nan ya tsaya cik. "Kwali? Me za ta yi da kwali?"

"Ta san abin da ka ba ta."

"Tarko ne. So take ta rubuta sunana ta aika a rufe ni. Ba kwali. Ni ba na ajiye kwali."

"To faɗi sunan a rubuta."

Ya buɗe baki ya rufe. A nan na gane wani abu. Shi ma bai sani ba. Mai kawo masa kaya ne ya ce masa wannan na sa ƙiba, shi kuwa ya ƙone kwalin bai taɓa haɗa baƙaƙen da ke jiki ba.

Ya shiga ɗaki ya kwashe duk ƙullin jaridar da ke ƙarƙashin matashinta. Ya je kanti ya ɗauke kwalbar Cika-Zane gaba ɗaya, ya kai can inda shi kaɗai ya sani. In an zo bincike, ba shi ba ita. Na bi shi har bakin titi ina cewa likita ta ce kada a yanke.

Ya juyo ya ce, "Jiya kun ce maganin ne ke kashe ta. Yau kun ce rashinsa zai kashe ta. Wanne zan ɗauka? Ku mata ba ku san abin da kuke so ba." Ya ƙara da cewa, "Na daina ba ta. Ba abin da kike nema ke nan ba?"

Ya rufe kanti, ya rubuta a ƙofa wai ana ƙarin gyara. Ya ɗauko kujerar nan mai hannu ya kafa a ƙofar ɗakinsa ya zauna. Ba mai fita da matarsa.

Na zaga gari neman 'yar farar ƙwaya. Idrisa na layin baya ya ce in faɗi sunanta. Babban kantin magani na cikin gari suka ce in kawo takardar likita. Sai na tuna ai rabin matan unguwa na da ita a haɓar zane. Na tafi wurin Ramatou matar mai nama, na same ta tana cika kujera, fuska kamar faifai.

"Ramatou, don Allah ki sam mini Cika-Zane ko kaɗan. Ran Zeinabou ne."

Ta dafe ƙirji. "Ni? Me zan yi da shi? Ni ƙibata ta Allah ce, gidanmu duk haka muke."

"Haba Ramatou, a gabana kike saya."

"Na maƙwabciya nake sayo wa."

Gida nawa na shiga, duk ƙibarsu ta Allah ce. Matan da suka yi layi suna jan kumatun yarinyar nan, ba wadda ta taɓa shan komai. Na fito daga gida na ƙarshe ina kuka don takaici, ba don tausayi ba.

Zeinabou kuwa ta kwanta. Ta fara amai, ko ruwa ba ya zama. In ta ɗaga kai sai jiri ya mayar da ita. Ta riƙa roƙona gishiri tana lasa a tafin hannu. Na koma asibiti ni kaɗai, likitar ta ce yanzu an wuce maganar ƙwaya tun da ba abin da ke zama a cikinta, sai allura da ƙarin ruwa, a kawo ta ko a goye. Na dawo na faɗa wa mai kujera.

Ya ce, "Maganin ne ke fita daga jikinta. Alama ce mai kyau."

Washegari ya ce shawara ce. Da aka ƙara kwana ya ce sammu ne, Idrisa ya yi masa don ya ga kantinsa ya samu alama. Ya sa aka yi rubutu aka wanke, ta sha ta amayar.

Safiyar Laraba ana yayyafi na shiga da kunu, na kira ta ba ta amsa ba. Ido a buɗe, jiki sanyi ƙalau, numfashi sama-sama. Na yi ihun da ya fito da duk gidan. Sabitu ma da ba ya son hayaniya sai ga shi ba hula, ya ce, "Hamidou, ka ji tsoron Allah." Sai a lokacin, da ya ga maza sun taru, ya ce ai dama yana shirin kai ta.

Ɗanlaraba ya kawo mota. Muka shimfiɗe ta a baya, kanta a cinyata. Hamidou ya shiga gaba. Da muka iso inda hanya ta rabu, Ɗanlaraba ya karya zai bi ta Mont-Bouët, nan ne kusa.

"Kada ka bi ta kasuwa!"

"Dokta, nan ne hanya."

"Kowa ya san motarka, kowa ya san ni. Zaga ta Oloumi."

"Oloumi fa? Ai baya muka koma."

"Matata ce ko taka? Na ce zaga!"

Na ce, "Ɗanlaraba, don girman Allah miƙe." Amma Hamidou ya riga ya damƙe sitiyari, motar na neman faɗawa kwata. Ɗanlaraba ya zaga.

A Oloumi muka tarar da wata tirelar siminti ta maƙale a taɓo ta tare hanya, irin masu kai kaya wurin gine-ginen baƙi. Ba gaba ba baya. Masu walda na ta feshin wuta a gefen titi, ruwa na sauka a gilashi. Hamidou ya zame ƙasa a kujera ya rufe fuska da jarida, don a can ma yana da masu ciniki. Zeinabou ta motsa leɓe. Na kai kunne.

"Yaya, cire mini awarwaron nan. Sun matse ni."

Na ja, sun nutse a cikin nama, ba su fita. Ina cikin ja na ji hannun ya saki.

Na ce, "Ɗanlaraba, juya. A koma gida."

Hamidou ya sauke jarida ya ce, "Ta ji sauƙi?"

Ni na yi mata wanka, da ni da wasu dattijai mata biyu. Awarwaron sai da aka aiko da filaya muka yanke. Duk inda muka riƙe sai ya lotsa ya tsaya. Sabitu ya yanko farin alawayyo yadda ya saba yanka wa mace, bai rufe ta ba, sai da ya koma kanti ya ƙaro. Ramatou ta leƙo ɗakin da kumatunta, ta ga ramukan yatsunmu a jikin gawar. Na ga ta sunkuya a ɓoye ta danna nata ƙaurin. Ba ta tsaya addu'a ba.

Da aka dawo daga maƙabarta maza suka zauna a tabarmi a ƙofar gida, mu muna ciki, labule ne tsakaninmu. Ana ta yi wa Dokta ta'aziyya. Wani ya ce in da magani na hana mutuwa ai da ba a shiga gidan nan ba. Aka ce ƙwarai kuwa. Hamidou ya share ido ya ja numfashi.

"Alhamdu lillahi, ni dai ban rage ta da komai ba. Ta zo mini kamar tsinke. Ku tambayi Malam Sabitu, likkafani ma sai da aka ƙaro yadi. Waɗanda suka ɗauki makara su faɗi gaskiya, sun ji nauyi ko ba su ji ba?"

Aka ce, "Mun ji, wallahi."

"To ka gani. A gaya wa mutanen Tasawa 'yarsu ba da yunwa ta tafi ba."

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba. Na ce, "Ruwa ne, Hamidou! Ruwa kuka ɗauka! Ni na wanke ta!"

Sai wani dattijo ya ce, "A yi haƙuri da ita, mata ba su da juriya." Sabitu ya taso ya mayar da ni ciki. Hamidou bai ce komai a kan ruwa ba. Abin da na ji ya faɗa ƙasa-ƙasa shi ne, "Dokta."

Ba wanda aka kama. Wa za a kama? Mesiye takarda ya ba da haya. Masu lakataye ƙofa aka aiko su aunawa, kuma ƙofar ta cika awo. Mai kawo kaya kaya ya kawo. Matan unguwa ƙibarsu ta Allah ce. Mijina baƙo ne. A takardar mutuwa an rubuta zazzaɓi, don a garin nan duk wanda ba a so a yi dogon bayani a kansa zazzaɓi ne ya kashe shi. Ana ta cewa an gyara kantunan magani, kuma ba ƙarya aka yi ba: ku je ku gani, fenti fari tas, kuros na kunnawa yana mutuwa, sanyi har cikin ƙashi. Abin da aka manta a gyara shi ne mutumin da ke tsaye a bayan kanta, da hannunsa cikin kwalbar alewa, yana cewa safe, rana, dare. In za ku sayi magani, ku ce a nuna muku kwali. In ya ce ba kwali, ku tuna da Zeinabou, ku ɗauki ciwonku ku yi gaba.

Bayan sadakar arba'in kanti ya buɗe. Kwalbar ta dawo mazauninta, sai dai yanzu sunanta Sarauniya. An cire hoton, amma ƙusar na nan, kujerar ma na nan a bakin ƙofa, ba kowa a kai. Ciniki ya ɗan ja baya, don mata sun saba su ga sama su ga ƙasa kafin su kwance haɓar zane.

Jiya Ɗanlaraba ya tsaya sayen waina, ya ce mini Dokta ya ba wani direba mai tafiya Nijar saƙo, a nemo masa mata a gida. Bai ce kyakkyawa ba, bai ce 'yar gidan wane ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ta kasance siririya.